Rigimar Yaro: Yadda Za Ki Gane Ko Daga Cikinsa Take Tasowa

Tsakanin shekara ɗaya da huɗu, da wuya a sami yaron da bai taɓa zubewa ƙasa yana birgima ba. Ya san abin da yake so, bakinsa bai iya faɗa ba, bai kuma kai munzalin danne zuciyarsa ba, sai abin ya fito ta ihu da shure-shure. Wannan ba ciwo ba ne, babu kuma abincin da zai kawar da shi ɗungurungum. Duk wanda ya ce yana da garin da za a dama wa yaro ya daina rigima, kuɗinki kawai yake so. Sai dai akwai yaron da tasa fitinar ta zarce ta tsaransa, kullum kusan lokaci guda, kullum a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Irin wannan, kafin a ce sangarta ce, ko ya ɗauko halin dangin ubansa, ko a tafi neman rubutu da hayaƙi, a fara duba abin da yake ci da lokacin da yake cin sa.

Ki samu ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ki yi mako biyu kina rubuta abu huɗu: lokacin da ya ci wani abu da abin da ya ci, lokacin barcinsa da tashinsa, lokacin da rigima ta tashi, da abin da ya tayar da ita. Har abin da ya karɓa a ɗakin kakarsa da gidan maƙwabta a sa a lissafi, domin sau da yawa can labarin yake. Idan babu agogo a kusa, lokutan salla sun wadatar: hantsi, azahar, la'asar, magariba. Idan rubutun ne ba zai yiwu ba, ki riƙa ɗaukar muryarki a waya. A makon farko kada ki canza komai, ki zuba ido kawai. Amfanin rubutun shi ne zuciya tana da son kai: tana riƙe ranar da yaro ya sha alawa ya fasa kwano, ta manta ranaku goma da ya sha bai yi komai ba.

Tazarar da ke tsakanin kari da abincin rana

Abin da littafin zai fara nuna wa yawancin iyaye shi ne yunwa, ko a gidan da abinci bai yanke ba. Ga yadda ranar take tafiya. An ba yaro koko da ƙarfe bakwai na safe. Cefane bai iso ba sai sha ɗaya, gawayi ya ƙi kamawa, shinkafa ba ta sauka ba sai ƙarfe biyu. Awa bakwai ke nan. Babba zai jure, amma cikin ɗan shekara biyu bai wuce dunƙulen hannunsa da wani abin kirki ba, kuma kokon da aka cika shi da shi tsararo ne, ruwa ya fi gasarar yawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi kokon ya wuce. Yaro a wannan shekarun ba ya cewa yunwa yake ji, shi kansa bai san sunan abin da ke damun sa ba. Sai dai ya tubure sai an ba shi takalmin yayansa, a ba shi ya yi jifa da shi. Idan kin ga rigimar tana taruwa tsakanin sha ɗaya da azahar, ko gab da magariba kafin a kwashe tuwo, kin kama ɓarawon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai wata 6 zuwa 8 ya ci abinci sau biyu zuwa uku a rana, mai wata 9 zuwa 23 kuma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, duk ban da nonon uwa. A aikace, kada ƙaramin yaro ya wuce awa uku da rana bai sa komai a bakinsa ba. Abin taɓawar ba sai na kanti ba. Dafaffen ƙwai, ayaba, dankalin Hausa da aka dafa tun safe aka rufe, ƙosai biyu, awara, alala, gwanda, dabinon da aka cire wa ƙwallo, kindirmon da aka tabbatar an tafasa madararsa. Dabarar ita ce a ba shi kafin lokacin da littafin ya nuna rigimar na tashi, kamar da rabin awa. Idan aka bari sai ya fara ihu, ko an miƙa masa zai ture. Gyaɗa guda-guda, aya, gurjiya da ƙuli-ƙuli mai tauri kuwa ba na ƙasa da shekara biyar ba ne, saboda shaƙewa. A daka su tukuna.

Sai kaurin kunu. Kunun da zai riƙe yaro shi ne wanda idan aka karkata cokali ba ya tsiyayewa. A sa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko madara, ko ɗan cokalin mai. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne garin nan da ake kira Tom Brown: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane a zubar, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. A jiƙa waken suyan a murje ɓawonsa, a shanya komai ya bushe, a soya kowanne daban sama-sama har ya fara ƙamshi, sannan a haɗa a kai inji. In za a dama, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti goma. Waken suya ba ya son gaggawa, in bai dahu ba yana kumbura ciki.

Akwai kuma maganar kwano. Cin abinci tare a tire ɗaya tarbiyya ce mai kyau, amma ki tsaya wata rana ki kalli ƙaramin cikinsu. Kafin ya gama hura lomarsa ta biyu, yayyensa sun kai ƙasan kwano, naman kuwa tun farko aka yi wawarsa. Ya tashi an ɗauka ya ci. A zuba masa nasa daban, ya zauna a cikinsu ya ci, ta haka ne kawai za ki san iya abin da ya shiga cikinsa.

Wasu lokuta sun fi wasu haɗari. Da azumi, gidaje da yawa ba a ɗora tukunya sai bayan azahar, yara ƙanana su wuni a kan ragowar sahur, ga barcinsu ya rikice saboda hayaniyar dare; a ware musu tukunyarsu tun safe. Ranar biki ko suna, uwa na can cikin hidima, abinci sai yamma. Ɗan makaranta kuma ya fita da shayi, kuɗin tara ya ƙare a wurin mai alawa, ya dawo ƙarfe biyu a gajiye, ana jiran sa a Islamiyya ƙarfe huɗu. Wannan ko gaisuwa kada a tsananta masa sai ya ci. Yaye ma haka. Yaron da aka raba da nono rana ɗaya, aka shafa maɗaci, aka kai shi gidan kaka, ya rasa abincinsa da mai lallashinsa a lokaci guda. In an rage shan nonon a hankali cikin makonni, ana ƙara abinci, kukan ba ya kai haka.

Shayi da ƙarancin jini

A ganina shayi ya fi sukari laifi a gidajenmu, amma ba a cika zargin sa ba. Ganyen shayi na ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin goro da gahawa da baƙin lemon kwalba. A jikin babba ma sai ya yi kusan awa biyar kafin rabinsa ya fita. Yaron da maigida ya tsiyaya wa shayi a murfin fulas da daddare, ko samarin majalisa suka ba shi ragowar ataya don su yi dariya, zai yi ta juyi a shimfiɗa, gobe ya tashi da baƙin rai. Lemukan ƙara kuzari kuwa ko ɗanɗanawa bai kamata yaro ya yi ba. In ya nace sai ya sha abin da babansa ke sha, a haɗa masa ruwan ɗumi da madara a kofi irin na baban, ba tare da ganyen ba.

Laifin shayi na biyu ya fi na farko girma: yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa ayon, daga abincin da aka ci tare da shi. Da wannan sinadari jiki ke haɗa jini, ƙwaƙwalwar yaro ma na buƙatarsa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 68 cikin ɗari na yara masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Ba duka ne daga abinci ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna da nasu kason, amma ƙarancin ayon na cikin manyan dalilai. Wata likitar yara 'yar Amurka, Betsy Lozoff, ta shafe shekaru tana bibiyar jarirai masu wannan matsala a ƙasar Kosta Rika, ta ga sun fi sauran ɗari-ɗari da saurin gajiya, ba sa sakin jiki su yi wasa, kullum suna manne da uwa. Mu a nan sai mu ce yaron ƙiwuya gare shi.

Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba cikinta, ki duba tafin hannunsa da leɓɓansa. Idan sun yi fari fat maimakon ja, ko yaron na cin ƙasa, yana ɓantarar bango ko gawayi yana taunawa, ki kai shi a yi masa gwajin jini. Haka yaron da ke shiɗewa: ya ja kuka, numfashi ya ɗauke, jiki ya saki ko ya sandare na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Abin na tayar da hankali, amma yawanci bai kai minti ɗaya ba, kuma likitoci sun daɗe da sanin yana da alaƙa da ƙarancin ayon, sau da yawa yana raguwa idan aka yi maganinsa. In ya faru a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, bayan nan a kai shi a tabbatar ba farfaɗiya ba ce.

Daga ɓangaren tukunya, hanta ce kan gaba, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa. Sai nama, kifi ko da busasshe ne a daka a zuba a miya, ƙwai, wake, zogale, alayyahu. Ayon ɗin da ke cikin hatsi da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi sai ya sami rakiyar bitamin C, don haka a biyo bayan abincin da lemon zaƙi, gwaiba, mangwaro ko kwalba da nono, wato garin 'ya'yan kuka. Jiƙa hatsi ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasara, shi ma yana taimakawa. Maganin ƙarin jini kuwa sai da umarnin likita, musamman ga mai sikila. Jajayen ƙwayoyin nan da ake ba mata a wurin awo a ɓoye su nesa da hannun yara: kama suke da alawa, kuma yaro in ya haɗiye da yawa suna iya kisa.

Cin ƙasa na da wani haɗarin a yankunan da ake haƙar zinare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma ko kaɗan ce a jiki tana sa saurin fushi da rashin natsuwa, kuma yaron da ayon ya yi wa ƙaranci ya fi saurin tsotsar ta. Tozalin dutse ma yakan ƙunshi dalma, bai dace da idon jariri ba.

Sukari da kala

Kowa ya yarda zaƙi na sa ƙiriniya, amma da aka gwada ba a ga haka ba. A 1994 wani likita a Amurka, Mark Wolraich, da abokan aikinsa suka ɗora yara a kan abinci mai sukari na mako uku, sannan mai zaƙin da ba sukari ba, ba tare da iyaye ko yaran sun san wanne ne wanne ba. Ba a sami bambanci a halayyarsu ba, har ga waɗanda iyayensu suka rantse sukari na birkita su. A 1995 aka tattara gwaje-gwaje 23 irin wannan, amsar ba ta canza ba. Wani gwajin na 1994 ya fi ba ni sha'awa: an ba wasu yara maza abin sha marar sukari, aka ce wa rabin iyayen mata sukari ne aka ɗura musu. Waɗanda aka faɗa wa haka sai suka ce 'ya'yansu sun fi ƙiriniya, suka kuma fi bin su da faɗa. Ranar Sallah yaro na shan alawa, gaskiya ne, amma ranar ce kuma ya tashi da asuba, ya sa sabon kaya, ya wuni a rana cikin taro bai yi barcin rana ba.

Wannan bai wanke sukari ba. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ƙunsar cokalin shayi takwas zuwa tara na sukari. Yaron da ya sha ta ƙarfe ɗaya ba zai kalli shinkafa da wake ƙarfe biyu ba, ƙarfe huɗu kuma yunwa ta dawo da fitinarta. Ga ruɓewar haƙori, wanda ciwonsa kaɗai ya isa ya hana yaro sukuni. Ƙasa da shekara biyu bai kamata a ba shi kayan zaƙin kanti ba sam, zuma kuwa sai ya cika shekara. Mafi muni shi ne alawar toshiyar baki. Yaro ya zube a gaban mai tireda, mutane na kallo, kunya ta kama uwa, ta ce a ba shi biskit. Ya koyi darasi, gobe ma zai biya da kuka. Nan sai gida ya haɗa baki, domin in Mama ta hana, Hajiya kaka ta kira shi ɗaki ta ba shi, ko Baba ya shigo da leda kullum da magariba, aikin banza ake yi. Tsarabar uba ba laifi ba ce, a mai da ita ayaba ko tsire, alawar kuma a ba da ita bayan abinci, ranar da ba a yi kuka a kanta ba.

Kalar da ake zuba wa kayan zaƙi ita ce ke da 'yar hujja a kanta. A 2007 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka gwada yara kusan 300, 'yan shekara uku da 'yan takwas zuwa tara, suka ga wasu haɗe-haɗen kala tare da sinadarin hana lalacewa sun ɗan ƙara musu rawar kai. Tasirin ba shi da yawa, kuma ba kowane yaro ba. Duk da haka, tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da kaloli shida: E102, E104, E110, E122, E124 da E129. Ki duba bayan leda ko kwalba ki nemi waɗannan lambobin. Ƙanƙarar leda mai rini da garin lemon da ake aunawa a kasuwa ba su da rubutun komai, alamarsu ita ce harshen yaro ya rine. In kina zargin su, ki janye su kaɗai na mako biyu ki ci gaba da rubutu. Abu ɗaya ake janyewa a lokaci guda. In kin hana shayi da alawa da madara da ƙwai rana ɗaya, ba za ki san mai laifin ba, ga yaro ya rasa abinci mai amfani.

In abincin ne ya zama abin faɗa

Daga wajen shekara biyu yara kan fara ƙyamar duk abin da ba su saba ba, cinsu ma ya ragu domin girman jiki ya rage gudu. Wani abincin sai an ajiye masa sau goma ko fiye kafin ya yarda ya ɗanɗana. Raba aikin da shi: ke za ki zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, shi zai zaɓi yawan da zai ci. A zuba kaɗan, a zauna tare, bayan kamar minti ashirin a ɗauke ba zagi ba lallashi, sai lokacin ci na gaba. Ɗura, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba kunu, a daina ta kwatakwata: kunun na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma yaro na tashi da tsanar cokali. Maganin sa cin abinci da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, da yawansa maganin mura ne mai sa barci. Shirun da yaron ya yi na maye ne.

Idan kin yi wata guda kina toshe tazarar yunwa, kin janye shayi, barci ya daidaita, amma babu canji, to matsalar ba a kwano take ba, a nemi likita. Kada ma a jira wata gudan idan yaro na ramewa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina wasa sai ƙananan koke-koke, domin alamun tamowa ne. A asibitin unguwa za a auna damtsensa da tsiri mai kala, kuma ƙasa da santimita 11.5 na nufin tamowa mai tsanani. Haka in yana yawan kwana uku bai yi bayan gida ba sai da kuka, ko wani abinci na sa masa ƙuraje, amai ko kumburin baki, ko ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko yana buga kansa da bango har ya ji rauni. Ki tafi da littafin nan a jakarki, ki kuma tambaya ko lokacin ba shi maganin tsutsar ciki ya yi, domin daga shekara ɗaya ake fara bayarwa.